Idan Mai Bin Sawu Mace Ce: Fashin Baƙi Kan Finafinan Laifi, Sha'awa da Maɗigo

A cikin finafinan laifi da ake shiryawa a Amurka da wasu ƙasashe akwai wani ɗan reshe da ba kasafai ake tsayawa a yi masa bayani ba, wato wanda yake ƙoƙarin haɗa abubuwa uku a labari guda: kisa ko sata da ake bin sawunta, jami'ar bincike mace, da kuma shaƙuwa ta sha'awa tsakanin mace da mace. Wanda ya hango abin daga nesa zai ce dabarar 'yan kasuwa ce kawai, an yayyafa batsa a kan labarin 'yan sanda domin a ja hankalin masu kallo, kuma a finafinai da dama gaskiyarsa ke nan. Sai dai wanda ya san asalin wannan salo zai lura cewa haɗa waɗannan abubuwa uku yana girgiza ginshiƙin da aka kafa salon a kansa tun shekarun 1940, kuma wannan ne dalilin da ya sa finafinan da suka iya haɗa su gaba ɗaya ba su da yawa. Matsayin addini da al'ada da dokar ƙasa a kan maɗigo a wajenmu sananne ne ga kowa, ba shi ne abin da ake tattaunawa a nan ba. Abin da ake son fahimta shi ne yadda masana'antar fim take gina irin wannan labari da abin da take nufi da shi, tunda finafinan suna shigowa wayoyin jama'a ta Netflix da makamantanta ba tare da sun yi sallama ba.

Dole a fara daga tushe. A shekarar 1946, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, masu sharhin fim a Faransa suka samu damar kallon finafinan Amurka da yaƙi ya hana su gani, sai suka tarar da wani sabon abu: labarai masu duhu, titunan birni cikin dare da ruwan sama, inuwar taga tana ratsa fuskar jarumi, da mutanen da babu wanda hannunsa yake da tsabta a cikinsu. Wani mai sharhi, Nino Frank, yana cikin waɗanda suka fara kiran su da suna film noir, wato baƙin fim, kuma sunan ya zauna har yau. Da yawa daga cikin daraktocin da suka gina salon baƙi ne da suka baro Jamus da Ostiriya, irin su Fritz Lang da Billy Wilder da Robert Siodmak, waɗanda suka zo Hollywood da dabarar wasa da haske da inuwa da kuma rashin yarda da cewa duniya wuri ce mai adalci.

Tsarin labarin kusan ɗaya ne a ko'ina. Akwai namiji, ko dai jami'in bincike mai zaman kansa ko wani ma'aikaci da rayuwa ta gundure shi, sannan akwai hatsabibiyar mace mai kyau wadda take shigowa da buƙata a baki da wata manufa a zuciya. Namijin yana bincike ne a kan laifi, amma a haƙiƙa matar ce abin binciken, domin tambayar da take riƙe da mai kallo ita ce ko gaskiya take faɗi ko ƙarya. A fim ɗin The Maltese Falcon na 1941, jami'in binciken yana son matar, amma da ya tabbatar ita ta kashe abokin aikinsa sai ya miƙa ta ga 'yan sanda da hannunsa. A Double Indemnity na 1944, matar da Barbara Stanwyck ta fito a matsayinta ta ja dillalin inshora suka kashe mijinta domin kuɗin inshorar, daga baya kuma suka harbi juna. Rabon aiki a fili yake: namiji ne mai ido da tunani, mace ce sirrin da ake tonawa, kuma idan aka gama tona ta sai a hukunta ta.

Wannan hukunci ba zaɓin marubuta ba ne kaɗai, doka ce ta tilasta shi. Kamfanonin fim na Amurka sun amince da wani kundin ƙa'idoji a 1930, wanda aka fi sani da sunan Will Hays, shugaban ƙungiyar kamfanonin a lokacin, kuma daga 1934 aka fara aiki da shi babu sassauci a ƙarƙashin Joseph Breen. Mai karatu da ya san aikin Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano zai gane yanayin, sai dai bambancin shi ne ofishin Breen ba na gwamnati ba ne, masana'antar ce ta kafa wa kanta shi don gudun kada gwamnati ta kafa mata. Kundin ya hana a sa mai kallo ya goyi bayan mai laifi, ya kuma hana nuna luwaɗi ko maɗigo, har ma da yi musu ishara. Abin da ya biyo baya yana da muhimmanci ƙwarai ga batunmu, domin hanin bai kawar da irin waɗannan mata daga finafinai ba, ya dai tura su cikin inuwa, kuma inuwar da ta fi sauƙin ɓoye su ita ce ta mugunta. A fim ɗin Rebecca na Alfred Hitchcock na 1940 akwai shugabar masu aikin gida, Misis Danvers, wadda take shiga ɗakin uwargijiyarta da ta rasu tana shafa tufafinta, tana nuna wa amarya rigar barcin marigayiyar da irin tattali da ya wuce na mai aiki. Babu wanda ya furta komai, amma manya sun gane, kuma a ƙarshe matar ta cinna wa gidan wuta ta mutu a ciki. Ko da aka sassauta ƙa'idar a 1961, fim ɗin The Children's Hour da ya fito a wannan shekara ya ƙare ne da malamar da ta gane abin da ke zuciyarta ta rataye kanta. Aka wayi gari masana'antar ta saba da cewa macen da ke son mace wurinta biyu ne a labari, ko dai ita ce mai laifi ko kuma ita ce gawa. Kundin ya ruguje a 1968, aka maye gurbinsa da tsarin rarraba finafinai bisa shekarun mai kallo, amma sabon da aka yi da shi bai ruguje tare da shi ba.

Ita kuwa mace mai bincike, tun a zamanin farko an ɗan gwada ta. A Phantom Lady na 1944, wanda wata mace mai suna Joan Harrison ta kasance furodusarsa, sakatariya ce take fita cikin dare don wanke maigidanta daga zargin kashe matarsa. Akwai wurin da take zuwa mashaya dare bayan dare, ta zauna a ƙarshen teburi ba ta cewa uffan, ta kafe mai sayar da giyar da ido har sai da hannunsa ya fara rawa, domin tana zargin ƙarya ya yi. Wannan kallo shi ne abin da salon ya keɓe wa maza, ga shi a idon mace. Amma fim ɗin ya ɗaure ta da igiya ɗaya: duk abin da take yi don son maigidanta take yi, kuma idan ta ceto shi aikinta ya ƙare.

A shekarun 1980 salon ya dawo da sabuwar fuska. Body Heat na 1981 ya ɗauki tsohon labarin matar da ke jan namiji ya kashe mata miji, ya nuna a fili abin da finafinan da suka gabata suke rufe ƙofa a kansa, sannan ya bar matar ta tsira da dukiya. Daga nan aka samu kasuwa mai ƙarfi ta finafinan laifi masu cike da sha'awa, kuma yaɗuwar kaset ɗin bidiyo da tashoshin talabijin na biya ya sa ƙananan kamfanoni suka riƙa fitar da su barkatai, waɗanda yawancinsu ba su taɓa shiga silima ba. A irin waɗannan ne aka fi cusa fitowar mata biyu a gado, ba don labarin yana buƙata ba, sai don an san mai sayen kaset ɗin namiji ne. Wannan ɓangare ba shi da wani abin nazari mai yawa, kuma da intanet ta yaɗu kasuwarsa ta mutu da kanta.

Fim ɗin da ya cancanci a tsaya a kansa daga wancan lokaci shi ne Black Widow na 1987, wanda Bob Rafelson ya ba da umarni. Debra Winger ta fito a matsayin Alex, ma'aikaciya a Ma'aikatar Shari'a ta Amurka, wadda aikinta zama ne gaban kwamfuta tana tace bayanai, har ta lura cewa wasu attajirai suna mutuwa cikin barci jim kaɗan bayan sun yi sabon aure, kuma amaryar a duk hotunan kamar mace ɗaya ce da take sauya kama. Shugabanninta ba su yarda ba, sai ta bar ofis ta bi matar, wadda Theresa Russell ta fito a matsayinta, har tsibirin Hawaii. Abin da ya sa fim ɗin ya bambanta shi ne yadda bin sawun ya rikiɗe ya zama wani abu da jami'ar kanta ba ta da sunan da za ta kira shi. Akwai wurin da take haska hoton matar a bango, ta tsaya a gabansa tana gwada hannunta da nata. A Hawaii sun haɗu a wajen koyon nutso a teku, inda aka haɗa su su gwada hura wa juna numfashi baki da baki kamar yadda ake ceton wanda ya nutse; ta ari tufafinta, ta gyara gashinta irin nata, har namiji ɗaya suka so. Ranar da matar ta sake aure, Alex ta ba ta kyautar abin maƙalawa a riga mai siffar baƙin gizo-gizon nan da ake cewa tamatarsa tana cinye namijin, alamar cewa ta gano ta, ita kuwa ta mayar mata da martani da sumba mai zafi ta juya ta tafi. A nan fim ɗin ya tsaya, bai ƙara taku ɗaya ba. A ganina ba tsoro ne kaɗai ya tsayar da shi ba, tsarin labarin ne ya ƙi: jami'ar tana wakiltar doka, kuma da ta amsa wannan sumba da ta tsallaka zuwa ɓangaren da Hollywood ta daɗe da ware wa irin waɗannan mata, wato ɓangaren masu laifi, sai a rasa wanda zai yi kamun. Saboda haka aka bar ta ta ɗana tarko, ta kama matar, ta yi tafiyarta ita kaɗai.

Shekara biyar bayan haka Basic Instinct na Paul Verhoeven ya koma tsohuwar hanya da ƙarfinsa. An sayi rubutun Joe Eszterhas a kan dala miliyan 3, fim ɗin kuma ya tara fiye da dala miliyan 350 a duniya. Jami'in binciken namiji ne, wanda Michael Douglas ya fito a matsayinsa, wadda ake zargi kuma marubuciya ce mai mu'amala da maza da mata, wadda Sharon Stone ta fito a matsayinta. Duk macen da aka nuna tana da alaƙa da mace a fim ɗin, ko dai ta taɓa kisa ko ana zarginta da shi. Budurwar marubuciyar ta mutu a haɗarin mota tana ƙoƙarin kashe jami'in, likitar ƙwaƙwalwar 'yan sanda kuma, wadda ita ma ta taɓa alaƙa da marubuciyar, jami'in ne ya harbe ta. Tun ana ɗaukar fim ɗin a San Francisco a 1991 ƙungiyoyin masu auren jinsi suka yi ta zanga-zanga a wuraren ɗauka, suna cewa an sake maimaita tsohon zance ne cewa irinsu makasa ne. Ko mutum yana tare da su ko ba ya tare da su a sauran al'amura, a wannan magana ta tarihin fim ba su yi kuskure ba, domin Misis Danvers ce aka dawo da ita cikin sabuwar riga.

Wanda ya sauya lissafin shi ne Bound na 1996, fim na farko da 'yan gidan Wachowski suka ba da umarni kafin The Matrix. Babu jami'ar bincike a cikinsa, amma shi ne ya nuna abin da ke faruwa idan aka cire namiji daga kujerar jarumi. Corky, wadda Gina Gershon ta fito a matsayinta, ta fito daga kurkuku bayan shekara biyar, ta samu aikin fenti da gyaran famfo a wani ɗaki; a ɗakin da ke maƙwabtaka da shi kuma akwai Violet, wato Jennifer Tilly, daduron wani Caesar da yake halatta wa 'yan mafiya kuɗin haram. Violet tana da duk alamomin hatsabibiyar macen da aka sani, murya ƙasa-ƙasa da kwarkwasa da buƙatar taimako, kuma ita ce ta kawo shawarar su sace fiye da dala miliyan 2 na 'yan mafiya su ɗora wa Caesar. Mai kallo da ya saba da salon yana jiran lokacin da za ta ci amanar Corky, domin haka aka saba tun 1944, kuma a kan wannan jira aka gina fim ɗin gaba ɗaya. Kusan komai yana faruwa ne a ɗakuna biyu da bango mara kauri ya raba. Kuɗin sun zo jina-jina, Caesar ya kwana yana wanke su, ya shanya su a igiyoyi a ko'ina cikin ɗakin, ya bi su da dutsen guga ɗaya bayan ɗaya. Corky ta ɗauke su ta nutsa su cikin bokitan farin fenti. 'Yan sanda sau ɗaya suka leƙo saboda ƙarar bindiga, Caesar ya ƙara sautin talabijin, ya ja darduma ya rufe jinin, suka yi sallama suka tafi. Cin amanar da ake jira bai zo ba. Violet ta harbe Caesar, su biyun suka tafi da kuɗin a raye. Dalilin da ya sa ba a gano su ba shi ne mazan da ke kewaye da Violet ba su taɓa ɗaukarta a matsayin mai tunani ba, balle su zargi mai fenti ta maƙwabta. A nan fitowar sha'awa tana da aiki a labarin, domin ita ce kawai hujjar da Corky take da ita ta yarda da Violet, kuma mai kallo ya san cewa a wannan salo babu hujjar da ta fi ta rauni.

Wannan shi ne ma'aunin da nake ganin ya dace a auna duk finafinan wannan reshe da shi: idan aka cire fitowar ɗaki, shin tambayar labarin tana nan yadda take, ko ta rushe? Idan tana nan, to an saka fitowar ce don ciniki. Idan ta rushe, to darakta ya san abin da yake yi, ko da mai kallo yana da cikakken 'yancin ƙin kallonsa, kuma babu ɗaya daga cikin finafinan nan da aka yi don yara.

Wanda ya fi kusantar haɗa abubuwa ukun shi ne Mulholland Drive na David Lynch na 2001, wanda ya sama masa kyautar darakta a bikin finafinai na Cannes a Faransa na wannan shekara. Betty, wato Naomi Watts, ta zo Los Angeles neman zama jaruma, ta tarar da wata mata da ta manta ko ita wace ce bayan haɗarin mota, da jaka cike da kuɗi da wani shuɗin makulli. Betty ba 'yar sanda ba ce, amma ita ce take binciken: ta buga waya, ta duba littafin lambobi, ta haura taga ta shiga wani gida inda suka tarar da gawa a kan gado. A cikin binciken ne suka kamu da son juna. Sai a kashi na ƙarshe fim ɗin ya juye, kuma bisa fassarar da mafi yawan masu sharhi suka yarda da ita, duk abin da aka gani mafarki ne na wata mata mai suna Diane, wato Betty ta haƙiƙa, wadda masoyiyarta ta guje ta ta koma wa wani darakta, ita kuma ta biya ɗan ina-da-kisa ya kashe masoyiyar. Mai binciken ita ce mai laifin, kuma gawar da ta gano a kan gado tata ce. Lynch ya warware matsalar da ta tsayar da Rafelson ta hanyar haɗe kujeru biyun a jikin mutum ɗaya, sai dai sakamakon bai sauya ba, domin duk su biyun mutuwa suka yi.

A Koriya ta Kudu, Park Chan-wook ya bi hanyar Bound a The Handmaiden na 2016, wanda ya ɗauko daga littafin Sarah Waters ya mayar da shi Koriya ta shekarun 1930 lokacin mulkin Japan. 'Yar sane ce aka shigar gidan wata magajiyar dukiya a matsayin mai aiki domin a damfare ta, kuma an ba da labarin kashi uku, kowane kashi yana tona ƙaryar wanda ya gabace shi. Abin da ya ƙara shi ne ya juya kyamara kan masu kallo su kansu: kawun magajiyar yana tara littattafan batsa, yana tilasta mata ta karanta wa attajiran maza da suke zaune a jere cikin kwat, kuma kafin matan biyu su gudu sai da suka yayyaga littattafan suka zuba su a ruwa. Duk da haka akwai masu sharhi da suka ce tsawon fitowar ɗakin da ke cikin fim ɗin ya mayar da mai kallo ɗaya daga cikin mazan da ke cikin kwat, kuma ina ganin wannan suka tana da ƙafar tsayawa, domin fim ba zai la'anci kasuwa ba alhali yana baje hajarsa a cikinta.

Abin lura shi ne cikakkiyar jami'ar 'yan sanda mai irin wannan rayuwa ta fi samun wuri a littafi fiye da silima. Tun 1984 Katherine Forrest ta fara jerin littattafai a kan Kate Delafield, jami'ar binciken kisa a rundunar 'yan sandan Los Angeles wadda take ɓoye rayuwarta daga abokan aikinta, wato mai tona asirin wasu da take tsoron a tona nata. Littafi yana iya rayuwa da 'yan dubban masu saye, amma fim yana buƙatar miliyoyin daloli da amincewar masu zuba jari da suke lissafin ƙasashen da za a hana nuna shi. Talabijin ce ta cike giɓin daga baya. Killing Eve, wanda aka nuna daga 2018 zuwa 2022, ya ɗauki ainihin tsarin Black Widow, jami'ar leƙen asiri ta Birtaniya da ta gaji da zaman ofis tana bin sawun wata makashiya, ya kuma yi takun da Rafelson bai yi ba: jami'ar ta rasa aurenta da aikinta, ta kashe mutum da hannunta, ta amsa son. A kashi na ƙarshe, jim kaɗan bayan sun haɗu, aka harbe makashiyar ta nutse a kogin Thames. Masu kallo da yawa sun fusata, har Luke Jennings, wanda ya rubuta littattafan da aka ɗauko shirin daga cikinsu, ya fito a jarida ya nuna bai ji daɗin ƙarshen ba, yana mai cewa an koma ga tsohuwar al'adar hukunta irin waɗannan masoya. Lokacin da aka nuna wannan kashi, kundin Hays ya yi shekara 54 da rugujewa.